Na san amfanin aikin, me ya sa na kasa farawa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, kuma kundin binciken da zan kammala digiri da shi ya tsaya mini a wuya. Na san muhimmancinsa sarai. Kullum nakan kwanta da niyyar gobe da sassafe zan zauna a kansa, amma gari na wayewa sai in tsinci kaina a wasu 'yan hidimomi ko ina latsa waya, kafin in ankara rana ta faɗi. Wani abokina ya ce in riƙa tuna babban burina, wani kuma ya ce in manta da zancen buri in kama aiki kawai. Wanne ne daidai? Kuma me ya sa nake haka, alhali a sauran al'amura ni ba malalaci ba ne?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: me ke shiga tsakanin mutum da aikin da shi da kansa ya yarda yana da amfani, sannan wanne ya fi taimako, tuna babban buri ko duƙufa a kan ƙananan matakai. Abokanka kowanne ya riƙo gefen gaskiya. Sai dai kowace shawara a cikin biyun tana da lokacinta, kuma abin da na lura da shi a zamana da ɗalibai shi ne mai jan ƙafa yakan yi amfani da su ne a juye.

Mu fara da tantance abin da muke magana a kai, domin ba kowane jinkiri ne matsala ba. Wanda ya dakata don yana jiran wani bayani, ko don wani abu mafi muhimmanci ya taso, wannan shi ne jinkirin da ake cewa alheri ne. Jan ƙafar da ke damunka daban yake. Piers Steel na Jami'ar Calgary a Kanada, wanda ya tattara ɗaruruwan bincike a kan lamarin a shekarar 2007, ya bayyana shi da cewa mutum ya ɗage aikin da ya yi niyya, da ganin damarsa, alhali ya san ɗagewar za ta cutar da shi. Ƙididdigar da ya kawo ta nuna kashi 80 zuwa 95 cikin 100 na ɗaliban jami'a suna yin hakan, kuma kimanin kashi 15 zuwa 20 na manya abin ya zame musu jiki. Ka lura da sharaɗin nan na sanin cutarwa. Malalaci na gaske hankalinsa kwance yake. Kai kuwa kana kwana da abin kana tashi da shi, kana biyan kuɗin aikin da damuwa ba tare da ka yi shi ba.

Dunƙule da dalla-dalla

Duk wani aiki ana iya kallonsa ta fuska biyu. Robin Vallacher da Daniel Wegner sun yi bayanin wannan a shekarun 1980. Mutum yana kulle ƙofa: in ka tambaye shi me yake yi, yana iya cewa "ina tsare gida", yana kuma iya cewa "ina murɗa makulli". Amsar farko tana faɗin dalili, ta biyu tana faɗin yadda hannu ke motsi. Ta farko ita ce nake kira kallo a dunƙule, mai amsa tambayar "don me". Ta biyu kallo dalla-dalla, mai amsa "ta yaya". Sun kuma gano cewa idan aiki ya saba wa mutum kuma yana masa sauƙi, yakan yi shi lafiya lau yana kallonsa a dunƙule, amma idan sabo ne ko mai wuya, sai ya sauko ƙasa ya duba matakansa kafin ya iya. Wannan kaɗai ya amsa wani ɓangare na tambayarka. A sauran al'amuranka ba ka da nawa saboda hannunka ya riga ya san hanya. Kundin digiri kuwa ba ka taɓa rubuta irinsa ba.

Yaacov Trope na Jami'ar New York da Nira Liberman ta Jami'ar Tel Aviv suka ƙara wani abu a kai tun daga 1998. Sun nuna cewa nisa ne ke zaɓa mana fuskar da za mu kalli abu. Abin da ke nesa a lokaci, kamar wata uku masu zuwa, ƙwaƙwalwa takan zana shi a dunƙule: amfaninsa, darajarsa, irin mutumin da za ka zama in ka yi shi. Abin da ke kusa kuma takan zana shi dalla-dalla: gajiya, zafin ɗaki, littafin da ba ka samu ba, jimlar farko da ta ƙi fitowa. Kamar tsauni ne, daga nesa siffarsa kake gani gwanin sha'awa, sai ka iso gindinsa kake ganin duwatsu da ƙaya. Shi ya sa niyyar dare take da daɗi. Da dare "gobe" tana nesa, kana ganin kanka a zaune kana zuba rubutu. Da safe goben ta zama yau, duk abin da nisa ya ɓoye ya fito fili, sai zuciya ta sake tura aikin can inda yake da kyan gani.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne hanyar tana tafiya ta ɓangare biyu. Nisa na jawo kallon dunƙule, shi ma kallon dunƙule na jawo jin cewa abu yana nesa. Wannan ne Sean McCrea, lokacin yana Jami'ar Konstanz a Jamus, ya gwada tare da Liberman da Trope da Steven Sherman a wani bincike da ya fito a 2008. An ba ɗalibai wasu tambayoyi su amsa su mayar ta imel cikin mako uku, da alkawarin biyansu in sun mayar. Tambayoyin sun shafi abubuwa na yau da kullum, irin su buɗe asusun banki da rubuta abubuwan da suka faru da mutum a rana. Rukuni ɗaya an ce su rubuta yadda ake yin kowane abu. Ɗaya rukunin an ce su rubuta abin da yin hakan ke nunawa game da halin mutum. Wa'adi ɗaya, lada ɗaya. Waɗanda aka sa su tunanin "ta yaya" sun riga mayar da amsa, masu kallon dunƙule suka yi ta jan ƙafa. Kuma bambancin bai zo daga ganin aikin ya fi muhimmanci ko ya fi sauƙi ba. Fuskar da aka sa su kalle shi ce ta matso da shi kusa ko ta tura shi nesa.

To ka duba yadda kundinka yake zaune a cikin kanka. Ina kyautata zaton sunansa a can "in rubuta kundina" ko "in gama babi na biyu". Babu wani motsi da hannu zai yi wanda sunansa "gama babi na biyu". Idan ka zauna a gaban kwamfuta da wannan umarni, ƙwaƙwalwarka ba ta da abin kamawa, sai nauyi da fargaba. Wayar da ke gefenka kuwa matakinta na farko a bayyane yake, miƙa hannu ne kawai. Aikin yana dunƙule yana nesa, abin shagala yana dalla-dalla yana kusa. A wannan karo ba ka bukatar zama malalaci kafin waya ta yi nasara.

Yadda nake warware wannan da ɗalibai

Tambayar da na fi yi wa mai irin matsalarka ita ce: in da zan leƙo ka minti biyar bayan ka fara, me zan ga hannunka na yi? Yawanci amsar farko takan zama "ina karatu" ko "ina rubutu". Sai in ce wane littafi, wane shafi, yana ina yanzu. Akwai wata ɗaliba da ta nuna mini takardar tsarin ayyukanta, kowace rana ta rubuta "gyaran babi na ɗaya", kowace rana ta soke ta mayar gobe, har takardar ta yi baƙi da soke-soke. Muka yi ta saukowa mataki-mataki. Kafin gyara sai ta ga abin da malamin da ke duba aikinta ya rubuta. Kafin ta gani sai ta buɗe saƙon da ya aiko. A nan ta yi shiru tana juya biro a hannu, sannan ta ce ba ta buɗe ba tun ranar da ya shigo, don tana tsoron ya ce a sake komai daga farko. Ashe aikin da take gudu na minti biyu ne, amma kalmar "gyara" ta lulluɓe shi har ita kanta ba ta ganinsa. Ta buɗe a gabana. Gyaran yana da yawa, amma mai iyaka ne, ana iya ƙirga shi.

Na kawo wannan ne don ka ga cewa saukowa dalla-dalla yana yin aiki biyu. Yana ba hannu abin kamawa, yana kuma tono ainihin inda ƙayar take. Fuschia Sirois da Timothy Pychyl sun daɗe suna bayanin cewa jan ƙafa hanya ce ta gudun wani ɓacin rai na yanzu, tsoro ne ko gundura ko shakkar kai, inda mutum ke sayen sauƙin minti goma ya bar wa kansa na gobe bashin. Na yarda da su ƙwarai. Muddin aikin yana dunƙule, tsoron ma a dunƙule yake, ba ka san me kake tsoro ba balle ka tunkare shi.

Bayan ka gano matakin farko, sai ka ɗaure shi da lokaci da wuri. Tun a 1965 Howard Leventhal da abokan aikinsa suka ga tasirin wannan a Jami'ar Yale ta Amurka. Sun faɗakar da ɗalibai haɗarin cutar tetanas da amfanin allurar rigakafinta. Ɗaliban sun gamsu, da yawa sun ce za su je, amma kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai suka je. Wani rukuni kuma an haɗa musu da taswirar makarantar, an yi wa asibitin da'ira a kanta, aka ce su duba jadawalinsu su zaɓi lokacin da za su je da hanyar da za su bi. A cikinsu kusan kashi 28 suka yi allurar. Ɗaliban sun daɗe a makarantar, ba ɓatan hanya ne ya hana na farkon ba. Taswirar ta mayar da "ya kamata in yi" ya koma "ranar kaza bayan darasi zan bi ta nan".

Peter Gollwitzer ya gina a kan wannan, ya fitar da tsari mai sauƙi: "idan kaza ya faru, zan yi kaza". A wani gwajinsa da Veronika Brandstätter a 1997, an nemi ɗalibai su rubuta wani rahoto a lokacin hutu cikin kwana biyu da aka ƙayyade. Waɗanda suka riga suka faɗi yaushe da kuma ina za su rubuta, fiye da kashi biyu bisa uku sun cika. Waɗanda ba su yi haka ba, kimanin kashi ɗaya bisa uku. Daga baya a 2006 shi da Paschal Sheeran suka haɗa gwaje-gwaje 94, suka samu tasirin ya tabbata a fannoni daban-daban. A wurinka, maimakon "gobe da sassafe zan zauna a kan kundina", ka rubuta wani abu kamar haka: "Idan na gama karin kumallo, zan sa waya a aljihun jaka, in buɗe fayil ɗin babi na biyu, in rubuta jimla uku a kan maƙalar da na karanta." Ka fito da maƙalar tun da dare ka ajiye a kan tebur. Jimla uku za su yi maka kama da wasa, kuma da gangan ne. Manufar ita ce ka tsallake bakin ƙofa, don ɗacin aiki ya fi yawa kafin a fara shi.

Ina shawarar abokinka na farko ta shiga?

Kada ka ɗauka ina cewa ka yar da babban buri. Kentaro Fujita, tare da Trope da Liberman da Maya Levin-Sagi, sun nuna a 2006 cewa mutanen da aka sa su tunanin "don me" sun fi iya danne zuciya a gaban abin sha'awa na nan take, har sun fi jure wahalar matse wani ƙarfen motsa jiki a hannu. Da farko za ka ga kamar wannan ya ci karo da binciken McCrea, amma ba su ci karo ba. Farawa daban, ƙin abin shagala daban. Lokacin da za ka fara aiki, kallon dalla-dalla kake bukata. Lokacin da hannunka ya nufi waya, kallon dunƙule kake bukata: wannan "minti biyar" ɗin, in na haɗa shi da na jiya da na shekaranjiya, me ya zama, kuma ina yake kai ni? A nan ne tuna buri ke aiki. Haka kuma yana aiki a tsakiyar tafiya, ranar da ka gaji da gyaran ƙananan abubuwa har ka fara tambayar kanka amfanin wahalar.

Mai jan ƙafa yana yin akasin haka. Aikin yake kallo daga sama, yana kallon shagalar daga ƙasa: saƙo ɗaya ne kawai, bidiyo ɗaya ne kawai. Juya su ake so ka yi.

Akwai kuma wani nau'in tuna buri da nake gargaɗin ɗalibai a kansa. Gabriele Oettingen ta yi shekaru tana nuna cewa mafarkin nasara zalla, inda mutum ke hango kansa ya riga ya gama ana taya shi murna, yana rage kuzari, kamar zuciya ta karɓi ladan tun kafin aiki. Lien Pham da Shelley Taylor a 1999 sun sa wasu ɗalibai su riƙa hango kansu sun ci jarrabawa da babban maki, wasu kuma su hango kansu suna karatun, a ina, da yaushe, da yadda suke kawar da abin da zai raba musu hankali. Masu hango karatun sun fi karatu kuma sun fi cin maki. Shawarar Oettingen ita ce ka hango burin, sannan nan take ka tambayi kanka mene ne a cikinka yake tare hanya, ka yi masa shirin "idan kaza, zan yi kaza". Ina jin niyyarka ta dare tana da ɗan wannan mafarkin a ciki, shi ya sa take kwantar maka da hankali har ka yi barci.

Tambayarka ta ƙarshe

Ka ce "me ya sa nake haka". Tambaya ce ta gaskiya, kuma na yi ƙoƙarin amsa ta. Amma ina roƙonka kada ka mayar da ita abin da kake nanatawa a zuci kullum. Edward Watkins na Jami'ar Exeter a Ingila ya yi aiki mai yawa a kan masu yawan saƙe-saƙe, ya nuna cewa juya matsala a dunƙule, irin "me ke damuna, me ya sa kullum ni", yana zurfafa baƙin ciki kuma yana raunana iya warware matsala. Duba abin dalla-dalla, wato yaya aka yi ya faru, da wane lokaci, me ya zo kafinsa, shi ke buɗe hanya. "Ni mai jan ƙafa ne" hukunci ne a kan ɗaukacin rayuwarka, babu abin da za ka yi da shi gobe da safe. "Jiya na zauna, na rasa ta inda zan fara, na ɗauki waya" labarin abu ɗaya ne da ya faru, kuma yana nuna maka daidai wurin gyara. Wani bincike na Michael Wohl da Pychyl da Shannon Bennett a Jami'ar Carleton a 2010 ya samu cewa ɗaliban da suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi kafin jarrabawar farko sun rage shi kafin ta biyu. Dalilin a fili yake: in duk lokacin da ka tuna kundin sai kunya ta rufe ka, to kundin da kansa ya zama abin gudu.

Iyakar wannan shawara

Tsarawa dalla-dalla tana da nata tarkon. Na ga ɗalibai da suka mayar da ita sabuwar hanyar ɗagewa, suna zana jadawali mai launi-launi, suna sake shi duk mako, rubutu ko layi ɗaya babu. Mataki ɗaya ko biyu na gaba sun isa. Kuma tsarawa ba ta gyara kuskuren ƙiyasin lokaci. Roger Buehler da abokan aikinsa a Kanada sun tambayi ɗalibai masu rubuta kundi irin naka a 1994 yaushe za su gama. A matsakaici sun ce kwana 34, suka ɗauki kwana 55 da ɗoriya, kuma ƙasa da kashi ɗaya bisa uku ne suka gama a lokacin da suka faɗa. Maganin wannan shi ne ka duba tsawon lokacin da ayyukanka na baya suka ɗauka a zahiri, ka tambayi waɗanda suka gama kafin kai, ka yi lissafi da nasu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kundi yana da matakan da ba a hannunka suke ba, kamar jiran malami ya duba ya dawo maka da shi.

Ka kuma sani cewa yawancin gwaje-gwajen da na ambata an yi su ne a kan ɗaliban jami'a a Turai da Amurka ta Arewa, wasu da mutane kaɗan, kuma a kan ayyuka gajeru. Shirin "idan kaza, zan yi kaza" shi ya fi samun goyon bayan bincike mai yawa. Sauran ka ɗauke su a matsayin abin gwadawa a kanka na mako biyu, ka ga abin da ya canza.

Wani lokaci kuma idan aka sauko dalla-dalla sai a tarar matsalar ta ilimi ce: ɗalibi bai san yadda ake nazarin alƙaluman da ya tara ba, ko batun da ya zaɓa ya yi faɗi da yawa. In haka ne, matakinka na farko shi ne ka rubuta tambayar a jimla ɗaya ka kai wa malamin da ke duba aikinka. Sannan da yake daga saƙo ɗaya nake amsa maka, dole in faɗi wannan: idan ka ga rashin kuzarin ya wuce kundi ya shafi barcinka da cin abincinka da abubuwan da ka saba jin daɗinsu har tsawon mako biyu ko fiye, ko kuma tun kana yaro kake fama da kasa tsayar da hankali a kan kowane irin aiki, to wannan ya wuce dabarar tsara mataki. Ka ga likita ko mai ba da shawara a makarantarku, don ciwon damuwa da larurar rashin tsayuwar hankali duka suna fitowa da kamannin jan ƙafa, kuma duka ana yi musu magani.